Kuzu: Shukar Inuwar Baranda Da Ta Zame Wa Kudancin Amurka Alaƙaƙai



Duk wanda ya taɓa yin damina a ƙauye ya san yadda duma ko soso ke hawa danga. Yau ka ga ɗan tsiro a gindin kara, bayan sati uku ya kai saman danga, kafin kaka ya haye rufin ɗaki ya yi kwance abinsa. Ba wanda hankalinsa ke tashi, domin kowa ya san ƙarshen abin. Iskar hunturu za ta busar da shi, awaki su cinye abin da ya rage, a tsinke duma a fafe ƙwarya. Yanzu kuma da yayin lambun jikin bango ya shigo birane, wato a kafa raga ko a jera tukwane a jikin katanga a sa shuke-shuke masu hawa da masu zubowa su lulluɓe ta, tambayar farko da ake yi wa mai sayar da furanni ita ce: wanne ya fi saurin rufewa? To, wannan tambaya tana da tarihi. Akwai ƙasar da ta taɓa yin ta, aka ba ta amsa, kuma yau kusan shekara 150 ke nan ba ta gama biyan kuɗin amsar ba.

Ƙasar ita ce Amurka, shukar kuwa Japanawa na kiranta kuzu, Amurkawa na rubuta sunan da harafin d a tsakiya, kudzu.

Kuzu ɗan dangin wake ne. Ganyensa uku-uku ne a kan sanda ɗaya kamar na wake, sai dai ya fi faɗi, kuma yana da gashi-gashi. Furensa shuɗi ne mai ratsin ja, ƙanshinsa kamar na inabi. Asalinsa gabashin Asiya ne: Japan da Sin da Koriya. A can mutumin kirki ne, ba a taɓa ɗaukarsa annoba irin yadda ya zama a Amurka ba. Ana haƙo saiwarsa da sanyi a daka a tace a fitar da sitaci, kusan yadda ake yi wa rogo, kuma sitacin yankin Yoshino da ke lardin Nara ya yi suna har gobe wajen haɗa kayan zaƙi da kaurara miya. Ana jiƙa jijiyar yaɗon a fitar da zare a saƙa yadi, sana'ar da garin Kakegawa ya shahara da ita. Masu maganin gargajiya na Sin da Japan suna sa saiwar cikin maganin mura. Ganyen kuma abincin dawaki da shanu ne. Mawaƙan Japan na ƙarni na 8 sun lissafa furensa cikin furanni bakwai na kaka. A taƙaice dai, shuka ce da hannun mutane bai taɓa barinta ta huta ba: wannan ya tono, wancan ya yanka, ga kuma ƙwari da cututtukan da suka saba da ita tun fil azal suna nasu aikin. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu dawo kansa.

A shekarar 1876 Amurka ta cika shekara 100 da samun 'yancin kai, sai aka shirya gagarumin baje koli a birnin Filadelfiya. Kusan mutum miliyan 10 ne suka halarta. A nan ne Alexander Graham Bell ya nuna wa duniya wayar tarho. Japan, wadda ba ta daɗe da buɗe ƙofarta ga baƙi ba, ta gina rumfarta ta shirya ɗan lambu, kuma cikin shuke-shuken da ta kawo har da kuzu. Masu sayar da irin furanni suka gani suka yaba.

Don a gane abin da ya sa ya samu karɓuwa, sai an san yadda gidan mutumin Kudu yake a wancan zamani. Jihohin Jojiya da Alabama da Misisipi suna da zafi mai gumi, ga shi babu na'urar sanyaya ɗaki. Rayuwar gida duk a baranda take: nan ake shan iska, nan ake karɓar baƙi, nan ake ɓare wake ana hira. Matar gida tana son abin da zai hau turakun barandar ya tare rana tun kafin bazara ta yi nisa. Kuzu kuwa idan ya samu rana da ruwa yana iya ƙara tsawon santimita 30 a yini guda, ya kuma yi mita 18 a kaka ɗaya. Da sanyi ya sauko sai ganyen ya bushe ya zube, rana ta samu shiga gida a lokacin da ake bukatarta. Wa zai ƙi irin wannan? Shekara kusan talatin kuzu ya yi a matsayin shukar ado, ana sayar da shi ta gidan waya, ba a ji wani ya koka ba.

A nan zan ɗan ratse, domin ba za a fahimci sauran labarin ba sai an san yadda shuka ke hawa. Shekara 11 kafin baje kolin Filadelfiya, wato a 1865, Charles Darwin ya wallafa wani dogon nazari kan motsi da ɗabi'un shuke-shuke masu hawa. Ya yi aikin ne lokacin da rashin lafiya ta tsare shi a gida, sai ya sa aka jera masa tukwane a ɗaki yana kallonsu da agogo a hannu. Ya lura cewa kan sabon yaɗo ba ya tsayawa cik, kewayawa yake yi a iska a hankali yana laluben abin kamawa. Ya auna na wata shuka da Turawa ke nomawa mai suna hop, ya ga tana cika zagaye ɗaya cikin awa biyu da minti takwas a yinin zafi. Daga nan ya karkasa masu hawa. Akwai masu nannaɗe jikinsu gaba ɗaya a kan sanda, kamar yadda doya ke yi. Akwai masu kamu da sandar ganyensu. Akwai masu fitar da ɗan siririn zaren nan mai murɗewa, irin na duma da soso da inabi. Akwai kuma masu sarƙewa da ƙaya, kamar sarƙaƙiya, da masu manna ƙananan saiwoyi a jikin dutse ko bango.

Wannan rabe-rabe shi ne abin da mai shirin lulluɓe bango ya kamata ya fara sani. Mai nannaɗewa ba ya iya hawa bango mai sulɓi, kuma ba ya iya rungumar abu mai kauri sosai, dole sai an ba shi waya ko siririn itace. Mai zaren kamu raga yake so. Mai manna saiwa ba ya neman taimakon kowa, amma ranar da ka zo ɓamɓare shi zai taho da fenti da filasta, balle a ce katangar ƙasa ce.

Kuzu mai nannaɗewa ne. Sai dai yana da wata ɗabi'a ta biyu wadda baranda ta ɓoye wa mutane. Duk gaɓar yaɗonsa da ta taɓa ƙasa mai laima tana yin saiwa, ta zama sabon tushe mai cin gashin kansa. Muddin yana rataye a jikin turaku yana lilo a iska, ga mai gida da almakashi, shuka ɗaya ce mai tushe ɗaya. Ranar da ya sauko ƙasa ba mai lura, cikin 'yan shekaru tushe ɗaya ya zama dubbai a eka guda. Kowane tushe kuma yana tara abinci a saiwa mai kama da ƙaton rogo, wadda tsohuwarta kan wuce kilo 100. Yanke na sama ba ya taɓa ta. Sanyin da ke kashe ganye ma ba ya isa inda take.

Mutum biyu ne suka fara ganin wannan da idonsu a farkon ƙarni na 20, kuma abin mamaki darasin da kowannensu ya ɗauka ya saɓa wa na ɗan uwansa.

Na farko shi ne David Fairchild, jami'in ma'aikatar gona ta Amurka wanda aikinsa shi ne yawon duniya yana kawo sababbin iri. Ya ga yadda ake ciyar da dabbobi da kuzu a Japan, sai ya shuka a gidansa da ke wajen birnin Washington. Shukar ta haye kan ƙananan itatuwansa ta danne su har suka sunkuya ƙasa, ya yi shekaru yana kashe kuɗi don ya rabu da ita. Ya ba da labarin a littafin tarihin rayuwarsa, amma littafin bai fito ba sai 1938, lokacin da bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Na biyun shi ne Charles Pleas, wanda shi da matarsa Lillie suke zaune a garin Chipley na jihar Fulorida. Sun shuka kuzu don inuwa, da ya fara mamaye farfajiya sai aka tumɓuke shi aka mayar gefen juji. Bai mutu ba. Ya lulluɓe jujin, ya miƙe ya nufi shinge, sai Pleas ya ga kaji da awaki da shanu suna rububin ganyen. Maimakon ya tsorata, sai ya ga arziki. Ganyen kuzu yana da amfani ga dabba kamar harawar wake, ga shi yana tsirowa a ƙasar da ta gaji. Ma'auratan suka buɗe gandun renon shuka mai suna Glen Arden, suka shiga aika tushen kuzu ta gidan waya zuwa jihohi daban-daban, suka ƙarar da rayuwarsu suna yi masa talla. Har yau akwai allon tarihi a Chipley da ke shelar cewa a nan aka bunƙasa kuzu. Ni dai ban ga laifin Pleas ba. Abin da ya gani gaskiya ne. Gonarsa tana da dabbobi, dabbobi kuwa suna hana kuzu sakat. Abin da bai hango ba shi ne ranar da za a bar kuzu shi kaɗai ba saniya ba akuya.

Duk da haka manoma ba su rungume shi sosai ba, saboda yana da wuyar sha'ani. Yaɗon yana sarƙe injin yanka, ba ya ɗauruwa cikin sauƙi, kuma idan aka saki shanu suka yi masa kiwo mai tsanani sai ya mutu. Da an bar abin a hannun kasuwa, wataƙila da labarin ya tsaya nan. Gwamnati ce ta shigo.

Ƙasar Kudu ta sha wuya a hannun auduga. Sama da shekara 100 ana noma abu ɗaya a kan tuddai, tun zamanin bauta, ana barin ƙasa tsirara ruwan sama yana wanke ta. Jar ƙasa ta tsattsage ta zama kwazazzabai. A jihar Jojiya akwai wurin da ake kira Providence Canyon, wanda zurfinsa ya kai mita 45 a wasu wurare, kuma ba wani tsohon kogi ne ya haƙa shi ba, noman ganganci ne na ƙarni na 19. Ga ƙwaron auduga da ya tsallako daga Meziko a 1892 ya bi gonaki yana ɓarna. Ga karayar tattalin arziki ta 1929. A filayen yamma kuma fari ya sa iska tana kwashe ƙasar gona, har ƙurar ta kai Washington. A 1935 majalisar dokoki ta kafa hukumar kare ƙasar noma a ƙarƙashin Hugh Hammond Bennett, mutumin da ya shafe shekaru yana kururuwa a kan zaizayar ƙasa.

Hukumar tana neman abin da zai rufe tsirarar ƙasa da gaggawa, ya riƙe ta, ya kuma ƙara mata ƙarfi. Kuzu ya cika sharuɗɗan duka, domin kamar sauran dangin wake yana tara sinadarin naitirojin a ƙasa. Aka reni tsiro sama da miliyan 70 a gandayen gwamnati. Aka riƙa biyan manomi har dala 8 a kan kowace eka da ya shuka, kuɗi mai tsoka a lokacin da mutane ke fama da abin sawa a baka. Matasan da gwamnatin Roosevelt ta ɗauka aikin gyaran ƙasa suka bi kwazazzabai suna dasawa. Ma'aikatan hanya da kamfanonin jirgin ƙasa suka dasa a gefen titi da layin dogo, inda aka yanke tudu aka bar ƙasa a fili. Zuwa tsakiyar shekarun 1940 an shuka sama da eka miliyan ɗaya.

Kowace harka tana da marokinta, marokin kuzu kuwa shi ne Channing Cope. Manomi ne a kusa da garin Covington na Jojiya, yana da shiri a rediyo, yana kuma rubutu a jaridar Atlanta Constitution. Daga barandar gidansa yake gabatar da shirin, yana magana a kan kuzu kamar mai wa'azi, yana cewa sarautar auduga ta ƙare a Kudu, kuzu ne sabon sarki. A 1943 ya kafa ƙungiyar masoya kuzu ta Amurka, wadda mambobinta suka kai 20,000, burinsu a shuka eka miliyan 8. Aka riƙa shirya bukukuwa, har da naɗa sarauniyar kuzu. Yau abin yana ba da dariya, amma mutumin da ya ga gonar ubansa tana zubewa cikin rami, ya kuma ga kore ya rufe ramin cikin shekara biyu, ba za ka ce masa mahaukaci ba don ya yi rawa.

Sai duniya ta juya. Bayan yaƙin duniya na biyu tallafin ya tsaya. Tarakta ta maye gurbin alfadari, ƙananan manoma suka watse. Baƙaƙen fata kimanin miliyan 6 ne suka bar Kudu zuwa biranen arewa da yamma tsakanin shekarun 1910 da 1970, suna guje wa wariya da talauci, fararen fata matalauta su ma suka nufi masana'antu. Gonaki suka zama kufai, wasu aka mayar da su gandun itatuwan katako. Kuzun da aka dasa ba wanda ya tumɓuke shi. Ba mai yanka, ba mai tono saiwa don sitaci, ba dabbar da za ta ci, kuma ƙwarin da suka san shi suna can Asiya. Ga damina mai tsawo, ga sanyi mai sauƙi. Duk abin da ke taka masa birki a gida babu ko ɗaya.

Ya bi ƙasa yana kafa tushe, duk abin da ya tarar siriri ya nannaɗe ya hau: shinge, wayar da ke riƙe falwaya, ƙaramin itace, wani yaɗon da ya riga shi hawa babban itace. Idan ya kai sama sai ya baza ganye ya tare wa itacen rana, nauyinsa kuma ya karya rassa. Ya rufe tsofaffin gidaje da motocin da aka yasar. Masu gandun katako da kamfanonin wutar lantarki suka fara lissafin asara. A 1953 ma'aikatar gona ta cire shi daga jerin shuke-shuken da take ba da shawarar a rufe ƙasa da su. A farkon shekarun 1970 ta ayyana shi a matsayin ciyawa. A ƙarshen shekarun 1990 majalisar dokoki ta sa sunansa cikin dokar miyagun ciyayi, dokar da a lokacin ake yaƙar dangin ƙuduji da ita. Shekara 18 kacal ke tsakanin ranar da gwamnati ta kafa hukumar da ta biya mutane su shuka shi da ranar da ta janye hannunta.

Kashe shi kuwa ba wasa ba ne. Ko dai a bi kowane tushe a yanke kansa, ko a yi feshi shekara bayan shekara, ko a yi ta yanka da kiwo har abincin da ke cikin saiwa ya ƙare. Tsohon fili yakan ɗauki shekaru kafin a ce an gama da shi.

Daga nan kuzu ya bar gona ya shiga adabi. Mawaƙi James Dickey ya rubuta waƙa mai sunansa a 1963. Doug Marlette ya yi shekaru daga 1981 yana zanen barkwanci a jaridu da wannan suna. Marubuta suka mayar da shi alamar duk abin da ya addabi Kudu: talauci, wariyar launin fata, lalacewar garuruwa. Aka raɗa masa kirarin shukar da ta cinye Kudu. Aka riƙa barkwancin cewa ka rufe taga da dare kada ya shigo. Alƙaluma ma suka yi ta yaɗo kamar shi, ana cewa ya mamaye eka miliyan 7 zuwa 9, yana ƙara eka 150,000 duk shekara, kowa yana kwafa daga wani ba mai tambayar wa ya auna.

A 2015 wani masanin tsirrai ɗan Alabama, Bill Finch, ya yi rubutu a mujallar Smithsonian da ya rage wa labarin gishiri. Ya kawo ƙididdigar hukumar gandun daji ta Amurka, wadda ta nuna kuzu yana kan eka 227,000 na ƙasar daji, kuma ƙaruwarsa ba ta wuce eka 2,500 a shekara ba. Wata shukar shinge da ita ma aka kawo daga Asiya don ado, wadda ake kira privet, ta mamaye eka miliyan 3.2, ninkin na kuzu sau 14, amma ba wanda ya yi mata waƙa. Dalilin yana da sauƙi. Kuzu ba ya jure inuwa, ba ya shiga tsakiyar daji, bakin hanya da gefen gona ne wurinsa, wato daidai inda mai wucewa a mota ke kallo. Ita kuwa ɗayar a ƙarƙashin itatuwa take ɓarnarta, inda ido ba ya kaiwa. Wannan bai wanke kuzu ba, wanda ya cinye wa gandu ya san abin da ya rasa. Amma ya nuna cewa an zuzuta shi sau biyu, da farko wajen yabo, daga baya wajen zagi, kuma duka biyun daga nesa aka yi.

Ba shi kaɗai ne ya tsere daga baranda ba. Wisteriya ta Sin da wani yaɗo mai farin fure mai ƙanshi daga Japan, duka don ado aka kawo su, duka kuma yanzu suna shaƙe itatuwa a Kudu. Shi kansa kuzu an gan shi a Kanada a 2009, a gaɓar tafkin Erie, ya kuma kafu a kudancin Suwizalan da arewacin Italiya, har Tarayyar Turai ta hana shigo da shi da sayar da shi a 2016. Yana da wani ɗan uwa na ƙasashe masu zafi da ake shukawa a ƙarƙashin itatuwan kwakwar manja da roba don rufe ƙasa, har a kudancin Nijeriya, shi ma idan ba a yanke shi a kai a kai yakan hau ƙananan itatuwan da aka kawo shi ya taimaka.

Abin sha'awa, a shekarar 1938 ɗin da littafin Fairchild ya fito, wani malamin tsara lambu a jami'ar Illinois, Stanley Hart White, ya yi rajistar wata ƙirƙira: akwatunan shuka da ake ɗorawa kamar tubali su tashi bango mai kore. Ba ta yi kasuwa ba. Sai bayan shekaru masu yawa Bafaranshen nan Patrick Blanc ya farfaɗo da tunanin. Blanc masanin tsirrai ne da ya yi shekaru yana nazarin dazuzzuka masu ruwa, kuma zaɓinsa ya sha bamban da na masu baranda. Ba ya neman shuka ɗaya mai gudu da za ta taso daga ƙasa ta rufe komai. Yana neman waɗanda a asalinsu a jikin dutse ko bakin gangaren ruwa suke rayuwa ba tare da ƙasa ba, ya dasa su a jikin wani bargo mai riƙe laima, masu son rana a sama, masu son inuwa a ƙasa. Bangon da ya yi wa gidan tarihi na Quai Branly a Paris, wanda aka buɗe a 2006, yana da faɗin kusan murabba'in mita 800, da tsirrai kimanin 15,000 daga nau'i 150. Irin wannan bango yana da tsada, kuma idan famfon ruwa ya tsaya na 'yan kwanaki sai ya fara bushewa. Sai dai ba ya tsallakawa gidan maƙwabci.

Su kuwa Japanawa, masu kuzun, me suke sawa a tagoginsu? Bayan girgizar ƙasa ta 2011 da haɗarin tashar nukiliya ta Fukushima, an shiga ƙarancin wutar lantarki, sai makarantu da ofisoshi da gidaje suka duƙufa ga abin da suke kira koren labule: a rataya raga a gaban taga, a sa yaɗo ya hau ya tare rana. Abin da akasari suka zaɓa shi ne goya, wani kayan miya mai ɗaci wanda ɗan uwan garahuninmu ne na kusa, sai kuma wani fure mai buɗewa da safe. Duka biyun shekara ɗaya suke yi su mutu, suna cikin tukunya, kuma goya ana cin 'ya'yansa. Zaɓin da kakanninmu suka yi wa danga ke nan ba tare da sun karanta Darwin ba. Duma da soso da garahuni suna da gudu, amma rani yana jiransu. Wanda ya kafa lambun bango a birni, ya sa masa ban ruwa shekara zagaye, ya kewaye da katangar da akuya ba ta shiga, ya cire wa shukarsa waɗannan takunkumai biyu da hannunsa. Don haka a ganina tambayar saurin rufewa ita ce ta ƙarshe da ya kamata a yi. Kafin ita a tambayi da me shukar ke kamu, me take yi idan ta taɓa ƙasa, kuma wa zai yanke ta ranar da mai gida ya tashi ya bar gidan.

A Amurka dai abokan gabar kuzu sun fara isowa, ko da yake a makare. A tsakiyar shekarun 2000 birnin Chattanooga na jihar Tennessee ya ɗauki hayar garken awaki su cinye kuzun da ke kan wani tudu mai gangaren da injin yanka ba ya iya hawa, kuma sun yi aikin. Wasu garuruwa suka kwaikwaya, har hayar awaki ta zama sana'a. A 2009 kuma aka ga wani ɗan ƙwaro mai wari a kusa da Atlanta, ɗan asalin Asiya, wanda ba a gayyace shi ba. Yana tsotse ruwan yaɗon kuzu, kuma a wani filin gwaji ya rage shi da kashi ɗaya cikin uku a ƙasa da shekara biyu. Murnar ba ta cika ba, domin ƙwaron yana son waken soya kamar yadda yake son kuzu, ga shi yana cika gidajen mutane da kaka.

Sitacin kuzu yana nan ana sayarwa a shagunan abinci na Amurka, cikin ƙananan ledoji, da tsada. Akasarinsa daga Asiya ake shigo da shi.